Kwano da Cokali: Kyautar da Ya Kamata Mu Riƙa Kai wa Maijego



Al'adarmu ce a wannan zumunta, idan 'yar'uwa ta sauka lafiya, mu yi karo-karo mu je barka da 'yar kyauta a hannu. Shekara da shekaru jerin kayan bai canja ba: babban filas mai zanen furanni, fida biyu ko uku a cikin kwali, bahon wanka, sai sabulu idan kuɗi ya ragu. Mukan naɗe su da takarda mai ƙyalli, mu yi waƙa, mu yi addu'a, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida yana murna. Ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu ko waɗannan kaya suna amfanin jaririn ba, sai bara.

Bara ɗan wata 'yar'uwarmu ya kai wata tara ba ya ƙara nauyi. Gudawa ta kama shi sau biyu cikin wata guda. Biyu daga cikinmu suka raka iyayen asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta zagaya dantsen yaron da ɗan ma'aunin nan mai kore da rawaya da ja, ya tsaya a kan rawaya, gab da ja. Ta ɗaga kai ta ce, "Maman yaro, me yake ci?" Uwar ta ce yana shan kunu sosai. "Da me kike ba shi?" Ta ce da fida. "To, sau nawa a rana, kuma nawa yake shanyewa?" Uwar ta yi shiru. Uban ma ya yi shiru. Mu da muka raka su muka sunkuyar da kai, gama fidar da yaron yake sha da ita, da filas ɗin da kunun yake wuni a ciki, mu muka saya.

Ma'auratan ne da kansu suka ce mu ba da wannan labari, don haka ba tonon asiri muke yi ba. Ra'ayinmu kuwa shi ne: kayan da suka fi muhimmanci wajen ciyar da jariri su ne ƙaramin kwano nasa shi kaɗai, da cokali, da kofi, da 'yar takarda a jikin bango da aka rubuta abin da gida zai ci a mako. Ya kamata kyautarmu ta koma waɗannan, kuma ya kamata mu canja lokacin kai ta.

Wata shida na fari

A wata shida na farko jariri ba ya bukatar kayan kicin ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna koyar da cewa a ba shi nono zalla har ya cika wata 6, ba kunu, ba ruwa, ba jiƙo, ko da ana zafin bazara, domin yawancin nonon ruwa ne. Daga nan a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kaɗai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Binciken nan kuma ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Yawancin wannan lahani yana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kuma da wuya a gyara shi daga baya.

To, sa'ad da muka miƙa wa maijego fida a ranar suna, me muka faɗa mata? Mun ce mata nan ba da daɗewa ba nononta zai kasa, ga abin da za ta koma. Ba da baki muka faɗa ba, amma ta ji. Kuma fida tana da wuyar wankewa. Abinci yana maƙalewa a cikin robar bakinta da zaren murfinta, inda soso ba ya kaiwa. A gidan da ake sayen ruwa a jarka, ake lissafin gawayi, wa zai riƙa tafasa fida bayan kowane sha? Nan ƙwayoyin cutar gudawa suke samun wurin zama. Idan lalura ta sa ma'aikatan lafiya suka ce a ba jariri madara, kamar inda uwa ta rasu ko tana fama da ciwo mai tsanani, sai a bi umarninsu. Ko a nan ma, sukan koyar da yadda za a ba shi da ƙaramin kofi, wanda ido yake ganin cikinsa idan an wanke.

Kwanon yaro

Mun taso muna ci a kwano ɗaya, kuma abu ne mai kyau. Yana koya mana haƙuri da rabawa. Amma ɗan wata takwas ba zai iya gasa da yayyensa 'yan shekara huɗu da bakwai ba. Kafin ya kai loma biyu baki, sun suɗe kwanon. Idan kuma a cinyar uwa yake tana ɗan tsakura masa daga nata, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ci. Abin da ya sa tambayar ma'aikaciyar jinya ta gagare mu ke nan.

Kwanon yaro ma'auni ne. A nemi wanda zai ci mililita 250. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a zuba rabin ruwan leda a ciki, gama ledar mililita 500 ce, a lura da inda ruwan ya tsaya. Ga yadda ma'aikatan lafiya suke koyarwa ga yaron da yake kan nono. Idan ya cika wata shida a fara da babban cokali 2 ko 3, sau biyu a rana. Daga nan zuwa wata 8 a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kwano, sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kwano sau 3 ko 4. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kashi uku cikin huɗu na kwanon ko cike, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani idan yana so.

Mai kwano irin wannan, ranar da yaro ya bar rabi, za ta gani. Idan ya yi haka kwana biyu a jere, za ta san akwai abin da ke damunsa tun kafin jikinsa ya nuna. Idan ta tafi kasuwa ko wurin aiki ta bar shi da kakarsa ko ƙanwarta, ba sai an yi dogon bayani ba: ga kwanonsa, ga inda ake cikawa.

Cokali da kaurin kunu

Cikin jariri ƙarami ne. Abin da ɗan wata takwas zai iya ɗauka a zama ɗaya bai wuce cikin kwanon nan ba. Domin kunu ya bi ta bakin fida, dole a tsinka shi da ruwa, wasu ma har su faɗaɗa hujin da allura ko reza. Sai yaro ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya yi tim, alhali mafi yawan abin da ya sha ruwa ne. Uwa tana ganin yana sha da kyau, shi kuwa yana ramewa. Haka ya faru da ɗan 'yar'uwarmu.

Cokali ne yake raba gardama. A ɗebo kunun, a ɗan karkata cokalin. Idan ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Idan ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi. Kunu mai kauri irin wannan ba ya shiga fida, sai da cokali.

Cokali kuma yana tilasta mana zama. Dole a zaunar da yaro, a dube shi, a jira ya haɗiye, a lallashe shi idan ya kau da kai. A nan za mu faɗi magana a kan ɗura ba kwana-kwana. Kwantar da jariri a toshe masa hanci a zuba masa kunu ta tafin hannu yana kuka, abu ne mai haɗari. Kunu yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya shaƙe shi nan take ko ya jawo masa ciwon huhu bayan kwanaki. Mun san gaggawa ce take sa a yi, da tsoron kada yaro ya kwana da yunwa. Amma minti ashirin da cokali ya fi kwana uku a gadon asibiti.

Kayan da muke da su tun da

Wasu matasan ma'aurata suna ganin sai sun sayi injin markaɗe na lantarki da abincin gwangwani kafin su iya ciyar da jariri. Wanda yake da hali ya saya, ba laifi. Amma ina wutar? Ƙaramin turmi mai tsabta, da rariya, da bayan cokali, suna yin aikin. Dafaffen dankali, kabewa, wake da aka cire wa ƙowa, ayaba, gwanda, gwaiduwar ƙwai da farinsa, duk bayan cokali yana murƙushe su. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka a tankaɗe, a ajiye garin a kwalba mai murfi, a riƙa barbaɗa cokali guda a kunu ko fate. Haka ganyen zogale da aka shanya a inuwa. Sai dai turmin yaro ya zama ba wanda ake daka barkono a ciki ba.

Da yawa cikinmu mun san garin da ake kira Tom Brown. Yadda aka fi haɗa shi: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa. Ko da gwangwanin madara aka auna, lissafin ɗaya ne. A soya kowanne dabam, waken soya ya soyu sosai a cire ɓawonsa, a haɗa a kai inji. A roƙi mai inji ya share injin kafin ya zuba. A tankaɗe, a ajiye a mazubi busasshe mai murfi, kada kuma a yi da yawan da zai daɗe har ya canja wari. Idan an dama, a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa, domin mai yana ƙara ƙarfin abinci ba tare da ya cika ciki ba.

Kafin suya akwai aikin faifai. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna iya ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda take lahanta hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A baza a faifai a tsince duk wadda ta yanƙwane, ta canja launi, ko ƙwaro ya huda. A zubar, kada a ce asara ce. Kuma kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa guda-guda, tana shaƙewa, sai niƙaƙƙiya.

Filas fa? Ba mu ce a jefar ba. Kuskuren shi ne a dama kunu da asuba a zuba a ciki, yaro ya yi ta sha har la'asar. Kunun yana hucewa a hankali, ya zama ɗumi-ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa ke nan. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a firji ba. Idan ya wuce, sai an sake tafasa shi sosai. A bar filas ya riƙe tafasasshen ruwa, domin idan lokacin ci ya yi a ɗora 'yar tukunya a dama sabo cikin 'yan mintoci. Kafin a taɓa kwanon kuwa, a wanke hannun mai bayarwa da na yaron da sabulu.

Takarda a jikin bango

Ba gidan da zai iya ɗora tukunya biyu kullum, ɗaya ta manya ɗaya ta jariri. Dabarar ita ce a tsara tukunyar gida yadda yaro zai samu rabonsa a ciki. A ɗebi nasa kafin a zuba barkono da gishiri da dunƙule, a murƙushe masa. Amma wannan ba zai yiwu ba idan kullum sai yamma ta yi ake tunanin abin da za a dafa.

Masana abinci sun kasa abincin yara gida 8: nono; hatsi da saiwa irin su doya da dankali; wake da gyaɗa da riɗi; madara da kindirmo; nama da kifi da hanta; ƙwai; ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, kamar zogale, alayyafo, karas, kabewa, mangwaro da gwanda; sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Abin da ake so shi ne yaro ya samu aƙalla 5 cikin 8 kowace rana. Da jin haka wani zai ce wannan abincin masu kuɗi ne. Bari mu ƙirga. Nono, ɗaya. Kunun gero, biyu. Gyaɗar da ke cikinsa, uku. Miyar alayyafo da daddare, huɗu. Garin kifi a ciki, biyar.

Mu zauna ranar Asabar da yamma, miji da mata, da biro da takarda. Litinin faten wake da dankali. Talata tuwo da miyar kuka da kifi. Laraba gwaten acha ko faten tsaki da ganye. Alhamis shinkafa da wake da kabewa. Kowane gida ya rubuta nasa, daidai ruwa daidai tsaki. A gefen kowace rana a rubuta abin da yaron zai ci daga ciki. Idan aka duba aka ga kwana uku a jere ba ƙwai, ba kifi, ba wake, an ga ramin tun kafin a faɗa. Takardar nan kuma ita ce jerin cefane, tana hana sayen abin da zai ruɓe.

Kada a manta da Lahadi. Mukan bar gida da safe, sujada ta kai tsakar rana, bayanta ga taron kwamiti ga koyon waƙa. Ku dubi bayan majami'a ku ga abin da ke hannun yaranmu: biskit, cincin, lemon kwalba. Suna kashe kuka, amma suna toshe cikin da ya kamata ya karɓi abinci. Ayaba da dafaffen ƙwai kowanne yana zuwa da murfinsa. A haɗa da cokali da kofinsa da ruwa mai tsabta a jaka tun daren Asabar. Shayi ba abincin jariri ba ne, yana ma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Ga 'yan'uwa maza

A asibiti ran nan, uban ma ya kasa amsawa, kuma shi ne ya fara cewa laifin har da nasa. Mu maza mun saba ajiye kuɗin cefane mu fita, mu ɗauka mun gama. Amma wanda yake riƙe da kuɗi yana da hannu a abin da ke shiga tukunya, ko ya sani ko bai sani ba. Idan nama ya yi kaɗan, al'ada ta ce kwanon maigida ne zai samu. Mu muke da ikon cewa a fara cire na yaro, domin shi ne yake gina jiki da ƙwaƙwalwa yanzu. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata kuwa ba ta da tushe, mu daina yaɗa ta. Kuma namijin da ya zaunar da ɗansa ya ba shi abinci da cokali yayin da matarsa take tuƙa tuwo, bai rage komai daga girmansa ba. Samarin da ba su yi aure ba tukuna, ku koya a kan 'ya'yan yayyenku.

Abin da za a ce mana

Da muka kai maganar gaban iyayenmu mata, wata Mama ta ce, "Ku yaran nan, da ɗura muka raine ku, ga ku nan garau." Muka ce, "Gaskiya ne, Mama, mun kuma gode." Daga hannunsu muka samu turmi da rariya, da kuka da daddawa, da shayarwa har shekara biyu, kuma duk waɗannan muke cewa a riƙe. Amma da hira ta yi nisa, ita da kanta ta fara ƙirga 'ya'yan maƙwabta da na dangi da gudawa ta ɗauke lokacin yaye. Mu da muke nan garau, mu ne waɗanda suka tsira. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wasu kuma a cikinmu sun ce kwano da cokali sun yi ƙanƙanta, za mu ji kunya a gaban sauran ƙungiyoyi idan aka jera kyaututtuka. Wannan damuwa ce ta gaske, gama ba wanda yake so a ce zumuntarsu ta yi rowa. Amma mu tambayi kanmu, domin wa muke sayen kyautar, domin jaririn ko domin hoton? Kuɗin ma ba raguwa zai yi ba, wurin zuwansa ne zai canja.

Ga abin da muke kawowa gaban taronmu na gaba. Ranar barka mu kai abin da zai taimaki uwa ta shayar: hatsi, gyaɗa, mai, sabulu, da hannuwanmu, wato ɗebo ruwa da wanki da shara. Sa'an nan sakatare ya rubuta ranar haihuwar. Idan jariri ya cika wata shida, lokacin da baƙi sun daɗe da watsewa kuma ba mai tunawa da maijego, mu koma barka ta biyu. A ranar mu kai kwano mai alamar awo, ƙananan cokula biyu, kofi, rariya, 'yar tukunya mai murfi, da garin Tom Brown da muka haɗa da hannunmu. Mu tafi da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, a zauna da miji da mata a rubuta takardar makon farko tare. Idan aka ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi ci, kada a tsaya dabarar gida, a raka su asibiti a ranar.

Ɗan 'yar'uwarmu yanzu yana tafiya da ƙafarsa, ma'aunin dantsensa ya koma kore. Kwanonsa shuɗi ne, uban ne ya yi masa alamar rabi da bakin wuƙa. A cikinmu akwai 'yan'uwa uku da suke dab da haihuwa. Ku zo taron da ra'ayinku, masu goyon baya da masu ja, mu yanke shawara kafin su sauka.

Ubangiji ya raya mana yaranmu, ya ba iyayensu ƙarfi da abin ciyar da su. Amin.